Sunan da Hajiya Ba Ta Kira

Talata, 7 ga Oktoba, 5:20 na yamma

Ko takalmi ban cire ba na zauna rubutu, don in ban juye wannan a wani wuri ba kaina zai fashe. Na samu Dalyop. Dalyop ɗin Yaya Haidar. Yana nan Amurka, a garin Clinton, a gidan 'yarsa tun watan Agusta, tafiyar minti arba'in daga ƙofata, ni kuwa ina zaune a Takoma Park ban sani ba.

Bari in jera shi kamar rahoto. Na kai Hajiya, mahaifiyata, asibiti ƙarin ruwan da ake yi mata duk Talata. Yau an canja mana nas. Hajiya tana yi mini mitar sanyin ɗakin, sai muka ji an ce, "Sannu Mama, bari in kawo miki bargo." Hausar Jos tsantsa. Hajiya ta washe baki kamar ta ga 'yar ɗakinsu. Ni kuwa idona yana kan katin da ke ƙirjin yarinyar: Olive Dalyop.

Na bi ta har baranda. Na ce, "Don Allah, babanki soja ne?" Ta ce sajan ne, ya yi ritaya. Na ce ya taɓa tuƙa wani Manjo Haidar a wajen Tafkin Chadi? Ta dube ni, ta zaro waya ta kira shi. Ina jin muryarsa daga inda nake tsaye. Ya ce, "Ki tambaye ta, ita ce ta rediyo?"

Ita ce. Ni ce Shafa'atu ta rediyo, wadda aikinta nemo mutane ta yi hira da su, amma ta shekara goma tana neman direban wanta ba ta same shi ba.

Shekara goma da 'yan watanni kenan. Abin da ya iso mana a lokacin waya ce daga bariki, sai jaka ɗaya da takarda mai hatimi. Can aka binne shi tare da sauran. Babu wanda ya zo ya ce mana ga yadda aka yi, ga abin da ya ce. Amma duk wayar da Yaya ya taɓa yi mini daga daji sai ya ambaci mutumin nan. Dalyop ya ƙona shinkafa, Dalyop ya fitar da mu daga taɓo, Dalyop na gaishe ki.

Ranar Asabar zan je. A mota Hajiya ta ce me nake ta murmushi kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Na ce babu komai.

Laraba, 8 ga Oktoba, 7:00 na safe

Na zuba wa Sirajo gishiri a shayi. Ya kurɓa, ya ajiye kofin a hankali, ya ce, "Allah ya kai mu Asabar ɗin nan lafiya, kafin ki kashe mijinki." Ban gaya wa Hajiya ba tukuna.

Juma'a, 10 ga Oktoba, bayan la'asar

Har yanzu ban gaya mata ba, kuma na san dalili.

Yaya Haidar ɗan farinta ne. A gidanmu na Gombe wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ana yaye shi aka miƙa wa Inna, kakarmu ta wajen uba, a ɗakinta ya girma. Mu muna cewa Hajiya, shi yana ce mata Adda, kamar wata yayarsa. Ita kuwa tunda na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Na Inna" take cewa. Idan wani yaro a unguwa sunansa Haidar, to ya zama "mai sunan na Inna". In ya zo hutu da kakinsa, mu muna tsalle muna rataye a wuyansa, ita za ta amsa gaisuwarsa tana kallon tukunya, ta ce ya hanya, shi kenan.

Ranar da labarin ya zo ina nan Amurka. An ce mini mata sun cika gida ana kuka, ita tana zuba wa baƙi ruwa. Ta ce Allah ya jiƙan musulmi, ba ta ƙara ba. Na daɗe ina jin haushin wannan, gara in faɗi gaskiya tunda littafina ne. Na yi hira da iyayen sojoji sun fi ashirin, wasu sun yi kuka har na kashe rikoda. Tawa uwar ko hotonsa da na rataye a falo ba ta ɗaga kai ta kalla. Shekararta biyu a gidan nan, kullum ta gefen hagu take bi don kar ta fuskance shi.

Sirajo ya ce kunya ce, ba rashin so ba. Na ce na sani, ba daga Landan aka kawo ni ba. Amma kunyar da za ta bi mutum har kabari, ni dai ta fi ƙarfina.

Na sayi goro da zuma da turmin shadda da zan kai wa Baba Dalyop. Ko yana cin goro ma ban sani ba.

Asabar, 11 ga Oktoba, 6:15 na yamma

Na dawo. Na yi dariya yau irin wadda na manta ina da ita.

Ɗan gajere ne, siriri, furfura ta cinye kan. Ina shiga ya miƙe ya ƙame kamar an shigo duba fareti, ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Goshin Oga ne wannan." Na durƙusa na gaishe shi, ya ce in tashi, ƙanwar Oga ba ta durƙusa masa.

Awa uku yana ba ni labari. Wai duk inda suka yada zango, in lokacin shirinmu na safe ya yi, Yaya zai ɗora rediyo a kan bonet ya ce, "Kowa ya yi shiru, ƙanwata za ta yi magana." Har waɗanda ba sa jin Hausa sai sun tsaya. In na yi tuntuɓen harshe kuwa ya yini yana kwaikwayona. Wai ba ya cin abinci sai ya ga ƙaramin soja na ƙarshe ya ɗauki nasa. Wai tsoron allura yake kamar me, ranar rigakafi sai da Dalyop ya riƙe masa hannu a bayan tanti don kar yara su gani. Manjo guda. Olive tana kicin tana ta ƙyalƙyala dariya, ta ce ita ma ba ta taɓa jin wannan ba.

Da na tambayi ranar ƙarshe, ya ba ni a taƙaice. Ba zan rubuta ba. Abu ɗaya kawai: hanya biyu ce a gabansu, shi ne direba, shi ya ce a bi ta dama.

Sannan ya ce, "Madam, akwai saƙo. Oga ya ba ni kafin ya cika. Na Mama ne."

Na matso har gwiwata tana taɓa teburi. Na ce ya faɗa mini, yau ɗin nan zan isar. Ya girgiza kai. Oga ya ce ita kaɗai, kuma da bakinsa, kar ya aika kowa. Na gwada duk dabarun aikina, na zagaya ta nan na ɓullo ta can. Ya bar ni na gama, ya ce, "Oda ce."

To me ya hana shi kaiwa shekara goma? Ashe ya je. Bayan ya fito daga asibiti ya hau mota har Gombe da sandarsa, ya nemi gidanmu. Aka shigar da shi, ya gaishe ta, ya ce, "Mama, ni ne nake tare da Manjo Haidar." Yana faɗin sunan ta tashi ta shige ɗaki. Aka kawo masa tuwo da miyar kuka da man shanu. Ya zauna awa biyu ba ta fito ba. Bai taɓa abincin ba, ya kama hanya.

"Ta san ni na tuƙa shi," in ji shi. "Ɗanta ya mutu, ni na dawo. Ban ga laifinta ba."

Wallahi dariya ce ta fara kuɓuce mini, sai kuma ta juye kuka. Na ce Baba, ɗan fari ne. Ko malamin makarantarsu ne ya zo ya kira sunan haka za ta tashi. Wanda aka tsana ba a zuba masa man shanu. Ya ce ya zauna da Hausawa a Jos, ya san ana wannan kunyar, amma har bayan mutuwa? Na ce har bayan mutuwa. Ban ga alamar ya yarda ba.

Ranar ɗaya ga Nuwamba jirginsa zai tashi. Sati uku. Ya ishe ni.

Talata, 14 ga Oktoba, 4:00 na yamma

Likita ya kira ni gefe. Ba zan rubuta abin da ya ce ba. Olive ta ɗora Hajiya a sikeli, ta kalli lambar, ta kalle ni, ta shiga yi wa Hajiya hirar dankalin Jos.

A hanya na ce bari in gwada. Na ce, "Hajiya, kin san mahaifin Olive tsohon soja ne? Wai ma ya taɓa zuwa Gombe."

Ta ce, "Allah sarki."

Na ce, "Tare suka yi aiki da..."

Ta ce, "Ki kula da hanya, ga babbar mota nan."

Babu wata babbar mota. Har muka iso gida tana jan carbi tana kallon itatuwan da suka fara yin ja.

Alhamis, 16 ga Oktoba, 12:30 na rana, a ofis

Na samo dabara. Zan gayyaci Olive da babanta cin abincin rana ranar Lahadi, a matsayin godiya ga nas. Hajiya ba za ta ƙi baƙi ba. In an ci an sha hira ta yi daɗi, sai magana ta fito da kanta. Olive ta ce da ƙyar ta shawo kansa.

Masa da miyar taushe, farfesun kayan ciki, zoɓo. Na kira mai naman halal na College Park har sau biyu. Sirajo ya ce, "Shafa, ki bi a hankali, ba shirin kai tsaye ba ne." Na ce ya bar ni da uwata, na fi shi saninta.

Lahadi, 19 ga Oktoba, 5:45 na yamma

Na ɓata komai. Ni da kaina.

Da farko lafiya lau. Hajiya ta gane shi tun daga bakin ƙofa, na ga yadda hannunta ya tsaya a kan mayafi. Amma ta yi masa sannu da zuwa, ta tambayi iyali, ta tambayi ƙafarsa. Ƙafarsa fa, wadda ta gani da sanda sau ɗaya shekara tara da suka wuce. Ta ce a ƙara masa masa. Ya zauna a bakin kujera kamar mai jiran hukunci, amma ya fara sakin jiki, har ya kai loma biyu.

Ni ce na kasa haƙuri. Na ga an kusa tashi babu wanda ya ce komai, na ga kwanaki suna tafiya, na tuna abin da likita ya ce. Sai na miƙe na ciro hoton daga bango na ajiye a tsakiyar teburi, na ce, "Hajiya, Baba Dalyop ne direban Yaya Haidar, yana da saƙo daga wajensa."

A gaban baƙi. A gaban Sirajo, surukinta.

Ta dafa teburi ta tashi. Matar da sai na riƙe ta take hawa bene, yau ita kaɗai ta hau, matakala ɗaya bayan ɗaya, muna zaune muna jin numfashinta. Babu wanda ya iya motsi.

Baba Dalyop ya wanke hannu, ya ɗauki hularsa. A bakin ƙofa ya ce, "Madam, na gaya miki. Ki bar tsohuwa ta huta." Olive ko sallama ba ta yi mini ba.

Sirajo ya mayar da hoton, ya kwashe kwanuka. Bai ce ai na faɗa miki ba. Da ya faɗa ma da na samu wanda zan yi wa faɗa.

Litinin, 20 ga Oktoba, 8:00 na safe

Na gaishe ta, ta amsa. Shi kenan.

Talata, 21 ga Oktoba, 3:30 na yamma

Olive ta yi wa Hajiya aikinta da fara'a kamar kullum. Ni ta tare ni wajen lif. Ta ce, "Anti, kwana biyu Baba bai ci abinci ba. Ya haɗa akwatinsa tun yanzu. Shekara goma muna fama da shi a kan wannan abu, ya fara samun sauƙi, kin zo kin tayar." Ta ƙarasa sauran da Turanci, kuma duk na cancanta. Na ba ta haƙuri. Ta ce ba ita zan ba wa ba.

Saura kwana goma sha ɗaya.

Alhamis, 23 ga Oktoba, 1:10 na rana, a cikin mota

Na fito daga ofis na zauna a mota na kira Goggo Ɗija a Gombe, ƙanwar Babanmu. Na zayyana mata komai. Ta bar ni na kai aya, sannan ta wanke ni tas.

"Ke dai boko ya cinye miki kai. Hoto a kan teburi? Gaban miji? Me ya hana ki kira 'yan jarida ku ɗauka?" Na ce Goggo ni ce 'yar jaridar. Ta ce ai shi ya sa.

Sai ta ce, "Ke kin zaci duk shekarun nan uwarki ba ta san labarinsa ba? In wasiƙarsa ta zo daga Kaduna, a ina Inna take shimfiɗa tabarma a karanta mata? Ba a bakin madafa ba? Kuma ta ce wa mai karatu ya ɗaga murya wai kunnenta ya yi nauyi. Inna da take jin motsin ɓera a rumbu. Uwarki tana ciki ta juya baya tana tuƙa tuwo, babu kalmar da take wuce ta. Ran da ya samu anini na farko sau uku aka karanta takardar, tuwon ranar ya ƙone."

Ina wajen ake wannan karatun, sau da yawa ma ni ce mai karantawa. Ina ta ihu da takarda a hannu, ina jin haushin tsohuwa kurma.

Goggo ta ce ba a tarar irin Hajiya gaba da gaba. A ba ta aikin hannu, a bar ta ta ba da baya. Kar a bar namijin gida a kusa. Baƙo ya yi hirarsa da ni, ƙofa a buɗe. In ta tashi ta tafi, to ba ta so. In ta zauna, a ci gaba.

Na buga sitiyari har hon ya yi ƙara, wani Bature mai wucewa ya zabura. Yanzu na san yadda za a yi. Tun ina 'yar shekara tara ake yi a gabana.

Asabar, 25 ga Oktoba, 2:00 na rana

Na koma Clinton. Wannan karon da na durƙusa bai ce in tashi ba, sai da na gama ba da haƙuri. Na ba shi labarin tabarmar Inna. Ya saurara yana murza hularsa.

Ya ce, "Amma Oga ya ce in gaya mata ita."

Na ce, "Baba, ya ce da bakinka, ya ce kunnenta. Ya ce sai ta kalle ka?"

Ya yi tunani sosai, irin na mai duba ko oda ta ba da dama. Ya ce Oga bai ce ba. Sai kuma ya ce, "In ta sake tashi fa?" Na ce in ta tashi ba zan ƙara damunsa ba har abada, kuma ni zan kai shi filin jirgi.

Laraba da hantsi. Olive ta canja ranar aikinta. Na fito ina ji kamar in rungumi duk wanda na gamu da shi a wajen fakin.

Litinin, 27 ga Oktoba, 9:00 na safe

Jiya ba ta iya saukowa ba, a ɗaki ta yi sallolinta a zaune. Ina shafa mata mai a ƙafa, ba ta dube ni ba ta ce, "Baƙon nan na Jos, yaushe zai koma?"

Na ce Asabar. Na ce wataƙila ya biyo ranar Laraba mu yi sallama, ni da shi.

Ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin tun ɗazu nake juya shi.

Talata, 28 ga Oktoba, 6:00 na yamma

Asibiti. Jijiya ta ƙi samuwa sai a karo na huɗu. Na sayo kuɓewa ɗanya cikin leda biyu, ta fi ƙarfin miyar gidan nan ta sati guda.

Laraba, 29 ga Oktoba, bayan azahar

Sirajo ya fita tun bakwai, na ce kar in ga ƙeyarsa sai magariba. Ƙarfe tara na ji motsi a bene. Hajiya ce take saukowa, ta yi wanka, ta saka atamfarta ta zuwa Juma'a, ƙamshin turaren wuta yana bin ta. Na ce dai ga kuɓewa can ta yi mini yawa, ko za ta taimaka. Ta ce in kawo wuƙa. Ta ja kujera a kicin ta zauna, fuskarta wajen taga, bayanta wajen ƙofa.

Suka iso goma da rabi. Olive ta ce za ta jira a mota. Na zaunar da Baba Dalyop a teburin cin abinci, taku uku daga ƙofar kicin. Suka gaisa ta cikin ƙofa, kowa yana kallon gabansa. Na zauna na fuskance shi. Gumi yake yi a wannan sanyin.

Na ce, "Baba, ba ni labarin mutumin da ka tuƙa." Ban kira suna ba. Shi ma Oga kawai yake cewa.

Ya fara ƙasa-ƙasa, na yi masa alama ya ɗaga murya. Ya ba da labarin rediyo a kan bonet. Ya ba da na allura. Muna jin wuƙa tana sauka a kan katako, ƙwas, ƙwas, ba ta tsaya ba. Ya zo kan ranar, ya faɗi maganar hanya biyu, ya ce shi ya zaɓa. Muryarsa ta karye a nan. Wuƙa ta ci gaba. Kujera ba ta motsa ba.

Sai ya miƙe tsaye, ya sauke hannuwansa a gefe, yana kallon bango. Ya ce, "Oga ya ce in gaya wa Adda. Dambun naman da ake aiko masa a gwangwanin madara, ana cewa daga Inna, tun yana kadet ya san hannun waye. Ya ce Inna ba ta taɓa iya dambu ba, komai nata gishiri ne. Ya ce ya yi shiru ne don kar a ji kunya a daina aikowa. Ya ce in ce ya gode."

Wuƙa ta tsaya.

Ni na sha kai gwangwanin nan tasha. Daga ɗakin Inna nake ɗaukarsa, a naɗe da tsumma, in ba direban Kaduna. Bayan Inna ta rasu ma an ci gaba da aikawa ta hannun Goggo, ana cewa saƙon gidan Inna. Ban taɓa tambayar kaina yaushe ake dakan naman ba, ko wa yake yi.

Can ta yi gyaran murya. Ta ce, "Shafa'atu, a tambayi baƙo. Na watan azumin nan, ya isa?"

Yana jin ta sarai, amma na juya na maimaita masa kalma bayan kalma, shi kuma ya amsa mini. Ya ce ya isa, kwana huɗu kafin ranar ƙarshe. Oga ya raba wa yara kamar yadda ya saba, ya ɓoye na ƙasan gwangwani. Ranar da abin ya faru da shi ya yi sahur. Ya kira Dalyop ya zuba masa rabi a tafin hannu, ya ce ci, ko ba ka azumi, wannan ba a samunsa a kasuwa.

Na juya zan maimaita mata. Ta ɗaga hannu. Ta ajiye wuƙar, ta dafa kujera, ta juyo gaba ɗaya ta fuskance shi. Fuskarta a jiƙe, ba ta goge ba.

Ta ce, "Haidar ba ya raba na ƙasan gwangwani da kowa. Ko ƙannensa bai taɓa ba wa ba. Hanya kuma ba kai ka zaɓa ba, bawan Allah. Zauna. Ka zo gidana ka bar mini tuwo, yau ba za ka tafi ba sai ka ci."

Ya zauna. Ya kifa fuskarsa a cikin hula, kafaɗunsa suna rawa. Ta ce in kira yarinyar nan daga mota, in ɗora ruwan tuwo, in daina tsayuwa kamar an dasa ni.

Shekarata arba'in da ɗaya, yau na fara jin sunan a bakinta. Ban san me na zata ba, ko zai fito da ƙyar, ko zai maƙale. Ya fito sumul, kamar na wadda take kiransa kullum.